Daminar da Muka Sa Shanun Huɗa Cikin Waya

Assalamu alaikum, masu wannan mujalla da masu karanta ta. Ni ban taɓa zama a aji ba, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba. Malamar makarantar da ke haya a maƙwabtanmu ce ke riƙe da alƙalami, ni ina riƙe da baki, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana, don maganata ba ta karye ba balle a yi mata ɗori. Ina 'yar talla aka ce Turawa sun tattara nasu ya nasu sun tafi, ina da goyon fari kuɗin fetur suka shigo ƙasa suka haukata maza. A wani gari na ƙasar Roni aka kai ni aure, can nake har yau, kuma duk wanda ya ci ƙuli-ƙuli mai daɗi tsakanin Kazaure da Gwiwa a shekarun nan, in ya bincika zai tarar ko nawa ne ko na wadda na koya wa. Ni ce uwar matan da ke matsar man gyaɗa a garinmu. Ba zaɓe aka yi ba, ba rawani aka naɗa mini ba, kawai dai in na yi magana ana ji.

A zamanin fetur ɗin nan aka ba wani ɗan kwangila aikin tankin ruwa a garinmu. Mutum ne da bai taɓa riƙe cebur ba, tela ne a Kano kafin ya sami hanya. Ya kori tsofaffin magina wai sun cika tsada, ya kwaso samari daga tasha ya ce su ne magina. Ni ke sayar musu da abinci, ina kallon kwaɓinsu, yashi tuli, siminti ɗan barbaɗe kamar gishiri a miya. Na faɗa wa duk mai kunne cewa wannan tanki ko fitsarin akuya ba zai riƙe ba. Ranar buɗewa, da kalangu da manyan riguna, aka tura ruwa sama, sai ga shi yana tsiyaya ta ko'ina kamar an zuba a kwando, babban baƙo ya tattare rigarsa yana tsalle. Shekara da shekaru ina ba da wannan labari a gidajen biki, ina kwaikwayon tsallen, mata suna faɗuwa don dariya. Kullum kuma nakan rufe da cewa ni dai ba a haifi ɗan koyon da zai ci da ni ba. To, ashe za a haife shi, jira yake in tsufa.

Bari in faɗi yadda muke huɗa, don an ce 'yan birni ma suna karanta ku. Gyaɗa ba a jefa ta a ƙasa haka nan kamar gero, sai shanu sun ja garma sun ta da kunya, kuma ba a huɗa sai ƙasa ta sha ruwa ta ƙoshi. Ƙasarmu kuwa rairayi ce, yau ta jiƙe, jibi ta bushe ƙamas kamar ba a taɓa ruwa ba. Saboda haka duk gari safiya ɗaya yake neman shanu. Mu mata ba mu da su, kowacce dai tana da 'yar gayaunarta a bayan gari, jere da juna. Akwai wani mai shanu a unguwarmu, ɗan aminin marigayi maigidana, yana da bijimai biyu da yake ji da su kamar 'ya'yan cikinsa. Duk ranar da ruwan shuka ya sauka, da asuba mata sai su taru a ƙofar gidana, ni ce mai tsara layi. A fara da gonar tudu mai saurin bushewa, a zarce ta kusa da ita ba tare da an kwance karkiya ba, wadda mijinta ya rasu ta riga mai miji, in rana ta yi zafi a kwance shanu su huta, da la'asar a koma. Rigimarmu ba ta taɓa wuce ta fatar baki ba.

Sai ɗan ƙanena ya bar aikin gwamnati. Ya karɓi haƙƙinsa na sallama, maimakon ya sayi gida ya zauna lafiya, abokai suka zuga shi wai yanzu arziki ya tashi daga ƙasa ya koma cikin waya. Ya kama shago a Kazaure, ya shafa masa koren fenti, ya ce kamfani ne. Wai zai yi abin da suke kira manhaja, wato wani tsari da ake sawa a waya, manomi ya latsa shanun huɗa su zo masa gona, yadda 'yan birni ke latsawa mota ta zo ta ɗauke su. Shi kansa bai san yadda ake haɗa abin ba, sai an ɗauko masu haɗawa. Akwai wata 'yar mutanen kudu, a Kazaure aka haife ta, ubanta ya daɗe yana gyaran rediyo a bakin kasuwa, Hausa a bakinta kamar jakin Kano, ta yi shekaru tana wannan aikin a Legas. Ya neme ta. Ta ce sai ta zauna da manoma da masu shanu, ta ga damina guda da idonta kafin ta ɗora komai, ta kuma faɗi ladanta. Ya dawo mini yana huci, wai Gwaggo kin ji mace, so take ta cinye ni da raina, kuma wai sai baɗi. Ya tafi Kano ya kwaso wasu samari da suka yi ɗan kwas na 'yan watanni, dukansu a kan abin da bai kai rabin nata ba, suka rantse masa kafin damina sun gama.

Na gan su ranar da ya kawo su gaishe ni. Wanduna a ɗame kamar a jikinsu aka ɗinka, gashi a tsaye, kowanne da jaka a goye kamar mai raino. Babbansu mai gilashi, gilashin ma na ado ne, ya yi wani rabin tsugunno irin na mai ciwon gwiwa ya ce mini Hajiya Mama, alhali ko ƙofar jirgi ban taɓa gani ba. Na tambaye shi ko ya taɓa bin bayan garma, ya yi dariya ya ce ai ba sai ya bi ba, kwamfuta ta san komai. Ɗaya daga cikinsu ya hango bijiman maƙwabcinmu a turke, ya tambaya wanne ne macen. A nan ya kamata in tuna da tanki. To amma sun zo da abin da ɗan kwangilar can bai zo da shi ba, sun ɗauke ni hoto. Ba a jima ba sai ga wani ƙaton kyalle, fuskata a jiki ta kai faɗin tabarma, da rubutu a ƙasa wai Uwar Manoma, suka rataye shi a bakin kasuwa. Wallahi ranar kasuwa sai da na sa ɗan acaɓa ya yi ta zagayawa da ni ta gabansa, kamar mai neman abin da ta yar.

Abin da suke nema a wurina baki ne, na kuwa ba su. Na bi gida-gida na ce wa mata zamanin cirko-cirko a ƙofar gida da asuba ya wuce. Na kira masu shanu na ce kamfani zai ba su dusa da harawa su fid da dabbobinsu daga bazara, su kuma su yi alkawari a gaban mai unguwa ba za su ɗaura karkiya don kowa ba sai wanda waya ta nuna. Mai shanun unguwarmu ya yi ta sosa ƙeya, ya ce shi dai Inna in kin ce a yi, an yi. Wadda ta fi kowa taurin kai aminiyata ce, wadda aka kawo mu aure garin a shekara ɗaya. Mijinta ya rasu, ɗanta ma ya rasu ya bar mata marayu, gayaunarta ita ce cinsu ita ce suturarsu. Ta ce ke 'yar nan, tun da na san ki ba ki taɓa sayen tukunya ba ki ƙwanƙwasa ba, wannan ta ɗan ƙanenki kin ƙwanƙwasa kuwa? Na ce mata hassada ce ke cin ta don ba fuskarta ce a kasuwa ba. Na ce in gonarta ta kwana ba huɗa, ta zo ta tofa mini yawu a ido. A haka ta ba da sunanta.

Mata da yawa ba su da waya, sai aka riƙa shigar da su da lambar ɗa ko ta miji ko ta maƙwabci. Aminiyata da wasu mata kuwa da lambar 'yar ƙaramar wayata aka shigar da su, kuma na sa aka fara da ita don in nuna mata gata. Samarin suka gwada abinsu a shago, tsakiyar bazara, ƙarƙashin fanka, da wayoyinsu su kaɗai. Wannan ya latsa, wancan ya ce ta zo, suka tafa, aka sayo tsire. Gwajin ke nan, jama'a, babu wani bayansa.

Ruwa ya sauka, irin wanda ke sa manomi dariya shi kaɗai. Da asuba na buɗe ƙofa, babu kowa, karo na farko tun ina da ƙarfina. Na ji wani iri, amma na ce ci gaba ne. Ashe a wannan sa'a duk mai gona daga Roni zuwa Gwiwa har ƙauyukan Kazaure ya latsa a lokaci guda, manhajar kuwa ta suma. Masu manyan wayoyi suna ganin wani ɗan abu yana ta juyawa kamar tunkiya mai hajijiya, mu masu ƙanana ko amsa babu. Shanu na tsaye a turke, ƙasa a jiƙe tana kira, masu shanu zaune bakin alkawari. Sanyin safiya, wanda shi ne ran huɗa, ya wuce a banza. Na kira ɗan ƙanena, ya ce Gwaggo yanzun nan, ana kai. Ina jin muryar mai gilashi a bayansa yana cewa ai ba laifinsu ba ne, mutane ne suka yi wa abin yawa. Ku ji fa! Mai tuwon biki yana kukan an zo biki.

Sai da rana ta kusa tsaka ta farfaɗo, kuma gara ma da ba ta farfaɗo ba. Ashe tsarinta wanda ya riga latsawa shi ne gaba, ba ruwanta da tudu ko kwari, ba ruwanta da maraya. Su wa suka riga? Ma'aikata masu manyan wayoyi da ke zaune inda sabis ke da ƙarfi, masu gonakin gado da ko iyakarsu ba su sani ba. Ta tura mai shanun unguwarmu gonar wani ma'aikaci can wajen Gwiwa, wai ita ce kusa. A wurin tsuntsu kam kusa ne. Samarin a miƙe suka auna, ba su san akwai duwatsu da kwazazzabai a tsakani ba, ba su kuma san bijimi ba babur ba ne da za a murɗa masa wuta. Mu kuwa da aka duba, ashe waya ɗaya gona ɗaya suka gina abin, duk macen da aka shigar da lambata sai ta goge wadda ta riga ta. Aminiyata da na sa a gaba ita ta fara gogewa. A cikin wayar nan babu ita, babu gonarta, babu marayunta.

Mai shanu ya zo ya durƙusa a zaurena. Ya ce Inna, ga gonakinku nan a bayan katanga, ki ce in shiga kawai, Allah ma ya san uzuri. Aminiyata na tsaye a bayansa da ƙwaryar iri a ka, ta riga ta ɓare gyaɗarta. Na sake kiran shago. Mai gilashi ya ɗauka, ya ce Hajiya Mama in mutum ɗaya ya karya tsari kowa zai karya, kamfani ya mutu ke nan, kuma duk mai shanun da ya ƙi zuwa manhaja za ta toshe shi, a nemi dusar da ya ci. Ya ce gobe da sassafe mata ne farko, shi da hannunsa zai gyara. Na san rairayin garinmu, na san ranar da ke bisa kanmu, na san ba a kora bijimi tafiya da tsakar rana. Amma sai na hango kyallen nan na kasuwa ana sauke shi ana yi mini dariya. Na ce wa mai shanu alkawari kaya ne, ya tafi. Ya dube ni, ya gyara hularsa, ya ɗaura amalanke ya ɗora garma ya tafi.

Bai kai ba. A wani hawan dutse, ga zafi ga nauyi, babban bijimin ya zame ya faɗi ƙafa ta karye, mutanen wani ƙauye suka taimaka aka sa masa wuƙa kafin ya zama mushe. Da yamma mutumin nan ya shigo gari yana jan bijimi ɗaya da igiya, karkiya a kafaɗarsa shi, ƙato mai furfura a gemu yana hawaye babu sauti. Bijimi ɗaya kuwa ba ya huɗa. Washegari mai gilashi ya yi gyaran da ya yi alkawari, ya taɓa nan can ya ɓalle, manhaja ta koma tura masu shanu biyu uku gona ɗaya, har aka ba hammata iska a wata gonar. Sauran masu shanu suka yi watsi da alkawari, kowa ya kama gonar danginsa, kuma ban ga laifinsu ba. Kafin a waiwayo kan mata ƙasa ta bushe. Ruwa kuma ya ɗauke ƙafa ya yi doguwar tafiya. Da ya dawo, da hannu muka ta da kunya, tsofai-tsofai da mu, muka shuka muna sane da cewa an makara.

Ɗan ƙanena ya koma wurin 'yar kudun nan yana lallashi. Ta zo ta duba abin da samarin suka haɗa, ta kuma biyo ta gaishe ni, ta durƙusa har ƙasa, ba irin na mai ciwon gwiwa ba. Na tambaye ta ko zai gyaru. Ta ce Mama, ai ba tsagewa ginin ya yi ba, harsashi ne babu. Wai manhajar kiran mota suka kwafo daga wani wuri, suka goge mota suka rubuta shanu, su kansu ba su san abin da ke cikin rabinta ba. Ta ce duk wanda ya daɗe a sana'ar, abin da zai fara tambaya shi ne yaushe jama'a za su yi wa abin ca, kuma mutum nawa ke amfani da waya guda. Ta ce rushewa a sake ya fi gyara sauƙi, kuma zai ci fiye da abin da ta nema tun farko. A lokacin ɗan ƙanena ko kuɗin fentin shago ba shi da shi. Samarin kuwa sun sulale Kano ɗaya bayan ɗaya, ko sallama babu. Na ji an ce mai gilashi yana wani sabon kamfani yanzu, yana taƙamar wai ya taɓa yi wa manoma gagarumin aiki. Da daminarmu ya koyi sana'a, kuma har yana ado da ita. Ɗan ƙanena ya rufe shago, ya sayar da motarsa ya saya wa mai shanu wani bijimi a madadin nasa, wannan kam na yaba masa. Yanzu cajin waya yake yi a wata rumfa, in ya hango ni sai ya sunkuyar da kai.

Kaka ta zo. Gyaɗar da aka shuka a makare ganye ta yi, in ka tuge sai 'ya'ya 'yan tsiraru, ka matsa ka ji iska. Shekarar nan turamenmu suka yi shiru, sai daga Babura muka riƙa sayo gyaɗa don kada sana'a ta mutu, riba kuwa sai dai ƙamshi. Aminiyata ta sayar da awakinta, da suka ƙare ta raba marayunta a gidajen dangi, yaran da suka tashi a kan tabarma ɗaya, wannan Yankwashi, wancan Kanya Babba. Na zauna ina jiran ta zo ta tofa yawun da na ce ta tofa. Ba ta zo ba. Sai dai tun lokacin tugar gyaɗa ta aiko a tambaye ni ko ina da buƙatar kyallen nan, wanda iska ta yar aka kawo mini na cusa ƙarƙashin gado, wai tabarmarta ta mutu tana neman abin shanya. Na aika mata. Da la'asar na kasa zama, na yafa mayafi na shiga gidanta. Ga ni nan shimfiɗe a tsakar gida ina washe baki, ta baza duk gyaɗar da gonarta ta bayar a kan fuskata. Ba ta rufe ba. Idanuna duka biyu a waje suna kallona. Ta ce sannu da zuwa Uwar Manoma, ga wuri zauna, ki kore mini kaji.

To, ku masu buɗe kamfani da kuɗin sallama, ku ji daga bakin wadda ta ga tanki ta kuma ga waya. Araha ba ta ado, kuma ɗan koyo in ya yi ɓarna ba shi ke biya ba, jakarsa zai goya ya ƙara gaba. Ba na ƙin yaro ya koyi sana'a. Ni ma da ƙona gyaɗa na fara, amma ɗan mudu na ƙona, a gaban uwar ɗakina, tana tsaye da muciya a kaina, ba buhunan mutane aka miƙa mini aka tafi ba. Yaron da bai san mace da namiji a turke ba, kada ku ba shi abincin gari ya yi wasa da shi don kawai yatsunsa na da sauri. Ku sa babba a kansa, ko da babban zai ci rabin jarinku, domin rabin da ya rage ya fi babu. Ku kuma dattawa irina, maza da mata, da ake zuwa aron bakinku, ku tambaya an gwada abin nan a ranar da kowa ke nemansa? In ya suma, wa zai kwana da yunwa? In suka amsa da cewa kwamfuta ta san komai, ku nuna musu ƙofa, ko da hotonku zai kai girman dutsen Roni. Kuma kada ku rushe tsohuwar rumfa sai kun ga sabuwa ta sha ruwan sama ba ta yi yoyo ba.

Yanzu in an ce in ba da labarin tanki a gidan biki, sai in ce na manta. Bana da ruwan shuka ya sauka, a ƙofar aminiyata mata suka taru, ita ke tsara layi. Na je na tsaya kamar kowa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce gonata ta kwari ce, tana riƙe laima, sai a ƙarshe. Gaskiya ta faɗa, na kuwa jira.